Faɗuwar Ganganci: Ko Shan Kaye da Niyya Yana Kai Ƙungiyar Hoki ga Kofi?

Duk wanda ya saba bin labarin ƙwallon ƙafa ta Ingila ya san babu musibar da ƙungiya take tsoro kamar ta ƙare kakar wasa a ƙasan teburi, domin uku na ƙarshe korarsu ake yi zuwa rukunin 'yan dagaji, su rasa daraja da dukiya a lokaci guda. To, a Kanada da Amurka, inda ake buga wasan hoki a kan ƙanƙara, al'amarin ya sha bamban, har mai karatu ya ɗauka almara ce. A babbar gasarsu mai suna NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917, take kuma da ƙungiyoyi 32 a yau, ba a korar kowa komai lalacewarsa, wanda ya zo ƙarshe ma shi ake yi wa tukuici, wato a ba shi dama mafi girma ta riga kowa zaɓen gwanin matasan shekarar. Daga nan ne wata mas'ala ta taso wadda ma'abota wasan suka daɗe suna saɓani a kanta: shin ƙungiyar da ta kwantar da kanta da gangan domin ta samu wannan tukuici, tana kaiwa ga ɗaukar kofi daga baya, ko kuwa wahalar banza take sha?

Kafin a shiga hujjoji, ya kamata a bayyana yadda wasan yake. Mutum shida-shida ne suke shiga fili, ɗaya daga cikinsu mai tsaron gida, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna korar wani ɗan faifan baƙin roba da sanduna masu lanƙwasa, har tsawon minti 60 da aka kasa kashi uku. Kowace ƙungiya tana buga wasa sama da 80 a kaka, sa'an nan 16 da suka fi maki su shiga zagayen neman kofi, inda sai an ture abokan hamayya huɗu bi da bi, kowanne a rinjaye shi sau huɗu cikin wasa bakwai, kafin a ɗaga Kofin Stanley, wanda ya samo sunansa daga Lord Stanley, gwamnan Kanada da ya ba da shi kyauta a 1892.

Shi kuwa rabon matasa an soma shi ne a 1963, kuma manufarsa adalci ce tsantsa: kada mawadatan ƙungiyoyi su kwashe duk yaran da suka yi fice, a bar talakawansu da hamma. Saboda haka duk shekara ake jera matasan da suka kai shekara 18, raunana su fara zaɓe, zakara ya zo a ƙarshe. Amma da yake ɗan Adam ba ya ganin ƙofa a buɗe ya ƙi leƙawa, sai shugabannin wasu ƙungiyoyi suka lura cewa wanda ya tsaya a tsakiya shi ne mafi hasara, bai ɗauki kofi ba, bai kuma samu gwani ba. Su 'yan wasa ba a umartarsu su zubar da wasa, ba kuma za su yarda ba, tun da abincinsu yana rataye ne da ƙwazonsu. A ofis ake ƙulla abin: a yi musayar ƙwararru da alkawarin zaɓe na gaba, a tsayar da mai tsaron gida mai rauni, a cika fili da yaran da ba su nuna ba, sa'an nan a zauna a jira sakamako.

Mashahurin misali na farko shi ne na Pittsburgh Penguins a kakar 1983 zuwa 1984, sa'ad da kowa ya san akwai wani yaro a lardin Kebek mai suna Mario Lemieux wanda ba a ga irinsa ba da daɗewa. Yayin da kaka ta doshi ƙarewa, ƙungiyar ta rabu da babban mai tsaron bayanta Randy Carlyle, ta tura mai tsaron gidanta Roberto Romano ƙaramar gasa, ta ɗauko wani wanda aka ci a dukkan wasanni huɗun da ya tsaya, ta ƙare da maki 38, New Jersey na da 41. Kocinta Lou Angotti ma ya amsa bayan shekaru cewa da niyya aka yi. Lemieux ya zo, ya jefa ƙwallo a raga da bugunsa na farko a wasansa na farko, ya cika ɗakin kallon da a da ya zama kufai. Sai dai a kakarsa shida na farko sau ɗaya tak ƙungiyar ta shiga zagayen neman kofi, ba ta kuwa ɗauka ba sai a 1991 da 1992, bayan an kewaye shi da Paul Coffey da Tom Barrasso da Ron Francis, waɗanda duk ta hanyar musaya aka samo su, da Jaromir Jagr da aka zaɓa a 1990.

Misali na biyu ya zo da akasin haka. A 1993 aka tuhumi Ottawa Senators da sakin jiki a ƙarshen kaka domin ta samu Alexandre Daigle, hukumar gasar ta yi bincike, ta ci ta tarar dala 100,000 saboda maganganun da shugabanta ya yi. Ottawa ta samu yaron, ta ba shi albashin da ya ba kowa mamaki, amma bai taɓa zama abin da aka zata ba, alhali Chris Pronger da aka ɗauka a bayansa shi ya zama gwarzon gasar a 2000, ya kuma ɗauki kofi a 2007. Bayan wannan tuhuma ne aka shigo da ƙuri'a a 1995, domin kada zuwa ƙarshe ya zama tabbacin samun zaɓen farko. A ƙa'idar da ake bi tun 2022, rabon ƙungiyar ƙarshe a zaɓen farko kashi 25.5 ne cikin 100. Ma'ana, wanda ya ɓata shekara guda cur yana shan kaye, cikin huɗu sau uku wani ne zai tafi da abin da ya sha wahalar dominsa.

Duk da haka, masu goyon bayan wannan dabara suna da hujja mai nauyi, wadda ba adalci ba ne a yi watsi da ita. Daga 2009 zuwa 2025 an ɗauki kofi sau 17, kuma 12 daga ciki sun tafi ne ga ƙungiyoyin da suke da ɗan wasan da su da kansu suka ɗauka a zaɓen farko: Pittsburgh da Sidney Crosby sau uku, Chicago da Patrick Kane sau uku, Tampa Bay da Steven Stamkos sau biyu, Florida da Aaron Ekblad sau biyu, Washington da Alexander Ovechkin, sai Colorado da Nathan MacKinnon. Sauran biyar ɗin ma babu wadda ta rasa wani da aka ɗauka cikin huɗun farko na shekararsa. Dalilin a fili yake, domin tun 2005 aka yi wa albashi haddi, wanda ya fara da dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya, ta yadda mai kuɗi ba shi da ikon tara gwanaye yadda ya so, ga shi kuma da wuya ƙungiya ta saki gwaninta yana kan ganiyarsa. Saboda haka, in ji su, hanya mafi sauƙi ta mallakar irin wannan ɗan baiwa ita ce a ɗauke shi tun yana yaro, ba kuwa mai ɗaukarsa sai wanda ya kwana a ƙasa.

Amma malaman usulu sun koya mana bambanci tsakanin sharaɗi da sababi: sharaɗi shi ne abin da in babu shi babu hukunci, amma samuwarsa ba ta wajabta samuwar hukuncin. Gwani sharaɗi ne na ɗaukar kofi, ba sababinsa ba, kuma duk wanda ya duba waɗancan misalai da idon basira zai ga haka. Ovechkin ya jira shekara 14, Stamkos 12, Ekblad 10, MacKinnon 9, a tsawon lokacin nan kuwa an sake koci, an sake manaja, an sake mafi yawan 'yan wasa. Tampa Bay ba ta kai gaci ba sai da Nikita Kucherov, wanda aka ɗauka na 58, da Brayden Point na 79, kamar yadda Chicago ta dogara da Duncan Keith na 54, waɗanda kusan kowace ƙungiya ta samu damar ɗaukarsu ta wuce. Wasu kuma rabo ne kawai: Crosby ya faɗo wa Pittsburgh ta wata ƙuri'a ta musamman da dukkan ƙungiyoyi 30 suka shiga a 2005, bayan an rasa kaka guda saboda rikicin albashi, Colorado kuwa ta zo ƙarshe a 2017 da maki 48, ƙuri'a ta tura ta ta huɗu, a nan ta tsinci Cale Makar, wanda shi ya zama gwarzon zagayen kofi a 2022.

Ɗabi'ar wasan kanta ita ce ta hana mutum ɗaya ɗaukar ƙungiya a kafaɗarsa. Gudun kan ƙanƙara yana cin ƙarfi ƙwarai, har ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 sai ya fito wani ya canje shi, don haka ƙungiya take zuwa da mutum 20, kuma gwanin 'yan gaba bai cika wuce sulusin lokacin wasa a fili ba. Sauran sulusi biyun yana zaune ne yana kallo, makomarsa tana hannun abokansa da mai tsaron gida. Edmonton Oilers ita ce shaida: ta samu zaɓen farko sau huɗu cikin shekara shida, a 2010 da 2011 da 2012 da 2015, amma ta yi kaka 10 a jere ba ta shiga zagayen kofi ba, ko da Connor McDavid, wanda jama'a da yawa suke ɗauka babu kamarsa a zamaninsa, sai a 2024 da 2025 ta kai wasan ƙarshe, Florida ta ture ta duka biyun.

Babu dai inda mafsadar wannan dabara ta bayyana kamar a Buffalo Sabres. Ƙungiyar ta zo ƙarshe a 2014 da 2015, a kaka ta biyun ma ta yi musayar masu tsaron gidanta biyu da suke ƙoƙari, har ya kai ga a watan Maris na 2015 magoya bayanta suka yi sowa a gidansu sa'ad da Arizona ta ci su, 'yan wasansu suna ji. Duka shekarun biyu ƙuri'a ta juya mata baya, ta ɗauki Sam Reinhart da Jack Eichel a matsayi na biyu, daga baya ta samu zaɓen farko a 2018 da 2021, amma daga 2012 zuwa 2025 ta yi kaka 14 ba ta leƙa zagayen kofi ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. A 2018 Ryan O'Reilly ya faɗa wa manema labarai cewa an saba da shan kaye a gidan har son wasan yana fita daga ransa. Aka tura shi St. Louis, ya ɗauki kofi a 2019, shi ne ma gwarzon zagayen. Eichel ya ɗauka da Vegas a 2023, Reinhart ya ɗauka da Florida a 2024 da 2025, ƙwallonsa ce ma ta raba gardama a wasan ƙarshe na 2024. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da wannan ya nuna shi ne, yaro ɗan shekara 18, komai baiwarsa, almajiri ne mai bukatar manya da zai koyi ladabin sana'a a wurinsu, ita kuwa faɗuwar ganganci manyan nan take fara kora. Detroit Red Wings ta bi wata hanya dabam: ta shiga zagayen kofi kaka 25 a jere, daga 1991 zuwa 2016, ta ɗauka sau huɗu, da mutane irin su Nicklas Lidstrom na 53, da Pavel Datsyuk na 171, da Henrik Zetterberg na 210, waɗanda ƙwarewar masu farautar matasa ta zaƙulo, suka kuma girma a ƙarƙashin kyaftin ɗinsu Steve Yzerman. Akwai kuma haƙƙin ɗan kallo, wanda ya biya kuɗinsa bisa amanar cewa kowane ɓangare nasara yake nema. Saboda kiyaye wannan amana ne gasar mata ta PWHL ta ɗauki wani tsari a 2024, inda ƙungiyar da ta fita daga takarar kofi take tara makin zaɓe ta hanyar cin wasannin da suka rage mata, wato nasara ce take kusantar da ita ga gwani.

Hukuncin da hujjoji suka ba da shi ne, ƙungiyar da ƙarfinta ya ƙare, ta rabu da tsofaffinta, ta haƙura da shekara biyu ko uku na rauni tana renon yara, ba ta yi laifi ba, sau da yawa ma ita ce mai hikima. Amma wadda ta mai da shan kaye manufa, tana zaton ƙuri'a za ta yi mata aikin da ya wajaba a kan manajanta da kocinta da masu farautar matasanta, ta sayi wahala tabbatacciya da riba mai shakka. Saboda haka, ya mai karatu, in ka ji an ce wata ƙungiya ta kwanta domin ta tashi, kada ka tsaya ga sunan yaron da take hari. Tambayi su wa za su rene shi, su wa kuma za su riƙe wasan a minti 40 ɗin da yake zaune a benci.