Koto mai haske cikin duhu: yana kama kifi, ko masunci yake kamawa?

Wani sabon kayan su ya fara shigowa hannun masu fatsa, galibi ta kasuwannin intanet: ƙugiya ce da aka ɗaura wa gashin tsuntsu da zare ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, aka shafa mata wani sinadari. Ka haska ta da tocila na ɗan lokaci, ka kashe, sai ka ga tana walƙiyar kore cikin duhu. Masu tallarta na cewa kifi ba ya iya wuce ta. To, ga wanda da fatsarsa yake ciyar da gida, tambayar ita ce ko kuɗin da zai zuba zai dawo.

Sinadarin dai ba sihiri ba ne. Hasken da ya sha yake sakewa a hankali. Nau'in da ake yayi yanzu kamfanin Nemoto na Japan ne ya fito da shi a 1993, kuma ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ko shi ɗin, mintocin farko ne ƙarfinsa. Daga nan sai ya yi ta dusashewa, sai an sake haska shi.

Cewa haske na tara kifi kuwa, wannan ba labari ba ne a wajen masuntan Yawuri da New Bussa. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ƙananan kifayen nan da ake kira warangi sun yawaita a tafkin, kuma ɗaya daga hanyoyin kama su ita ce atalla, ragar da ake nutsawa a ɗaga, da fitila a samanta cikin dare. Haka ake yi a tafkunan Tanganyika da Biktoriya, inda fitilun sola ke maye gurbin na kananzir.

Sai dai a lura da yadda abin yake aiki. Fitila na jawo ƙananan halittun ruwa da ido da ƙyar yake ganinsu, ƙananan kifi su biyo su, manya su biyo ƙananan. Duk wanda ya taɓa ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san wannan: 'yan mitsi-mitsin halittun da ake kira atemiya, abincin jariran kifi, da fitila ake tara su gefe guda a kwashe. Irinsu ne a tafkin Gabrun mai gishiri, cikin rairayin Ubari yamma da birnin Sabha na Libiya, inda mutanen Dawada suka daɗe suna kwasarsu da raga, su daka su shanya su ci, kafin a tashe su daga wurin a shekarun 1980. Wato fitila kasuwa take kafawa a cikin ruwa, ta ɗauki lokaci tana ci. Ɗan ɗigon haske a jikin ƙugiya da ake jefawa ana janyewa ba zai kafa irin wannan kasuwar ba.

A teku ne koto mai haske ya yi suna, kuma da dalili. Can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, halittu da yawa suna fitar da haskensu na kansu, kifin wurin ya saba ganin abinci yana walƙiya. A ruwan daɗi kusan babu irin wannan. Kifin Kwara ko na Binuwai bai taɓa cin abu mai haske ba tun kaka da kakanni, don haka yana iya leƙowa, yana iya kuma tsorata ya yi gaba. Ga kuma ruwan namu: da damina ya koma ja saboda laka, haske ba ya tafiya ko'ina.

Sannan wane kifi ake nema? Tarwaɗa da kurungu da gashin bakinsu da ƙamshi suke laluben abinci. Tana ko hanjin kaza sun fi musu kowace walƙiya. Yauni da minjirya da lantarkin jikinsu suke harka. Waɗanda ke farauta da ido su ne tsage da giwan ruwa, kuma a nan ne kawai maganar take da ƙafa. Giwan ruwa musamman, idonsa an yi shi ne don ƙarancin haske, shi ya sa yake ƙyalli idan an haska shi.

Amma ko a kansa akwai abin lura. A Kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu na biyan maƙudan kuɗi su zo kama giwan ruwa cikin dare da irin wannan ƙugiya mai gashi. Abin da suka fi dogara da shi girman koton ne da yadda yake tura ruwa, saboda kifi na jin motsi ta wani layi da ke gefen jikinsa tun kafin ya ga komai. Masu fatsar dare da dama ma baƙin koto suke zaɓa, don kifin da ke ƙasa yana kallon sama ya fi ganin inuwarsa. A ganina, idan za a yi amfani da mai hasken, ɗan ɗigo a wajen ido ko ciki ya wadatar, a ruwa mai zurfi da ya kwanta lokacin rani. Wanda ke walƙiya daga kai har wutsiya ya fi kyau a hoton talla.

Damuwar da ta fi wannan girma tana wajen fitila. Haske ba ya tantance warangi da jariran karfasa ko na giwan ruwa. Duk abin da ya taru, raga mai ƙananan idanu za ta kwashe. Irin wannan ɓarnar ce ta sa aka haramta tarun dala a Kainji a shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan sun tafkin. Yanzu kuma fitilar LED mai batir ta yi araha, tana kwana tana ci ba tare da kananzir ba, kowane kwalekwale na iya ɗaukar biyu ko uku.