Gyaran Dokar Hukumomin Titi: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Uwargida, duk yaron da kika saka a adaidaita sahu da safe zuwa makaranta, akwai dokar da ke tafe da shi a kan titi. A Kano, hukumar da ke aiki da wannan doka ita ce KAROTA, wadda aka kafa a shekarar 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso.

Ikon tsayar da mota, da cin tara, da tsare abin hawa, majalisar dokokin jiha ce ke rubuta shi, gwamna ya sa hannu. Ita ce kuma ke iya ƙara shi ko rage shi. Haka aka yi a jihar Legas a 2018, inda aka tattara dokokin sufuri wuri guda, har da na hukumar LASTMA. Abin da doka ba ta bayar ba kuwa, kotu na iya hana shi. A 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO ba su da ikon tsare mota ko cin tarar direba.

To, ina ruwanmu mata? Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a 2013, adaidaita ta zama ƙafar mata da yara. A watan Fabrairun 2021 direbobinta sun yi yajin aiki kan harajin naira 100 a kullum, suka kuma sake a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta izinin aiki. A waɗannan kwanaki ɗalibai suka riƙa takawa a ƙasa, masu zuwa awon ciki suka rasa abin hawa. Kuma duk harajin da aka ɗora wa direba, daga kuɗin cefanenki zai fito.

Don haka 'yar uwa, idan kika ji majalisa za ta gyara dokar irin wannan hukuma, kuma ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, ƙungiyoyinmu na mata su tura wakilai da tambayoyi uku. Wa ke ƙayyade tara da haraji? Asusun wa kuɗin ke shiga? Ina wanda aka zalunta zai kai kuka?

Ki kuma tuna wa maigida ya karɓi rasit duk lokacin da ya biya tara. Allah Ya tsare mu da 'ya'yanmu a kan hanya, amin.