Nachos da Matafiyin da Ba Ya Tambaya

Sau uku ke nan a cikin shekarar nan ina jin magana guda daga bakin mutanen da ba su san juna ba, na ƙarshensu kuwa ɗan ƙanena ne da ya zo hutu daga makarantarsa ta Amurka, wanda, da mahaifiyarsa ta tambaye shi yadda yake fama da abinci a ƙasar da ba a ƙyamar alade, ya kada baki ya ce ai shi tuni ya huta, domin duk gidan abincin da ya shiga nachos yake cewa a kawo masa, masara ce da cuku, babu abin tambaya. Na yi shiru a lokacin don kada in kunyata shi gaban mahaifiyarsa, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ni kaina na taɓa riƙe wannan fatawa, na kuma yi aiki da ita, har ranar da Allah Ya sa wata tsohuwa ta warware mini ita.

Shi dai nachos, ga wanda bai taɓa ganinsa ba, gurasar masara ce sirirriya da ake yankawa kusurwa uku-uku, a soya ta yi ƙarau, a barbaɗa mata cuku a sa a wuta ya narke, sa'an nan a ɗora yankakken koren barkono. Asalinsa garin Piedras Negras ne na ƙasar Meziko, a bakin kogin da ya raba ta da jihar Teksas, daura da garin Eagle Pass. A farkon shekarun 1940, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu matan Amurkawa suka ƙetaro suka shiga wani gidan abinci mai suna Victory Club a sa'ar da kuku ba ya nan, sai shugaban masu hidima, Ignacio Anaya, ya shiga madafa ya haɗa musu abin da hannunsa ya samu. Mutanen can suna taƙaita sunan Ignacio su ce Nacho, kamar yadda muke mai da Abubakar Habu, to daga nan abincin ya gaji sunan. Anaya ya rasu a 1975, garin Piedras Negras kuwa har yau yana yi wa abincin biki a watan Oktoba.

Da a ce nachos ya tsaya inda Anaya ya bar shi, da ɗan ƙanena ya yi gaskiya, da kuma ban ɗauki alƙalami ba. Amma abinci, kamar labari, ba ya tafiya ya dawo yadda ya fita. A yawon da Allah Ya nufe ni da yi na ci iri uku. Na kusa da iyaka shi ne mafi ladabi: kowane yanki da nasa cuku da nasa barkono, an jera su a faranti kamar an jera ƙosai a tire, kana ɗauka hannunka tsaf, na ƙarshe yana ƙara a baki kamar na farko. Na filin wasa da gidan silima, wanda wani ɗan kasuwa Frank Liberto ya fara sayarwa a filin wasan Arlington a 1976, ruwan cuku ne rawaya da ake tatsowa daga famfo, ba ya daskarewa, ba ya kuma tuna wa harshe cewa saniya ta taɓa saninsa. Wanda ya san cukun Buzaye na Agadas ba zai yarda su haɗa suna ba. Na uku, wanda ya fi yawa a gidajen abinci daga Houston har Landan, tsibi ne ake yi kamar an tara hatsi a masussuka, a zuba wake da nama da kirim mai tsami da niƙaƙƙiyar fiya, na sama ya ƙone, na tsakiya ya jiƙe ya zama fate, na ƙasa kuma ya tashi a bushe babu abin da ya taɓa shi. A nan, cikin wannan tsibi, shubuhar take.

Mu fara da wake, domin shi ne ya yaudare ni, shi ne kuma yake yaudarar jama'a, kasancewar Bahaushe bai taɓa zargin wake da komai ba face kumburin ciki. Waken da ake shafawa a kan nachos, wanda suke kira frijoles refritos, dafa shi ake yi ya yi luguf, a murƙushe, sa'an nan a soya shi a cikin kitse, kitsen da aka gada kaka da kakanni a wannan aiki kuwa shi ne na alade, wanda suke kira manteca. Ba a ganinsa, ba ya wari, ba a rubuta shi a takardar abinci, domin a wurinsu ba nama ba ne, kamar yadda mu ba ma lissafa man gyaɗa a cikin kayan miya idan baƙo ya tambaya. Na yi makonni ina cin wannan wake a wani ƙaramin gidan abinci a kudancin Teksas, kullum ina cewa kada a sa mini nama, kullum ana amsa mini da fara'a, har wata rana da na yaba wa tsohuwar da ke dafawa, na ce wakenta ya fi na ko'ina daɗi, ta yi murmushi ta jawo wani farin bokiti daga ƙarƙashin tebur ta buɗe mini don in ga sirrin, ga hoton dabbar nan a jikin murfin. Ba ta cuce ni ba, ba ta ɓoye mini komai ba. Abin da na tambaya ta amsa, wanda ban tambaya ba kuwa ba ta san yana damuna ba. Akwai gidajen da suka koma man tsirrai, suna da yawa ma, amma ido ba ya bambance su, sai baki ya tambaya.

Bayan wake sai nama, inda sunaye suke rufe asali. Chorizo na Meziko galibi alade ne, carnitas alade ne, chicharrón fatarsa ce soyayya. Wanda ya fi kama mutanenmu shi ne al pastor, domin za ka hango shi a tsaye jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta ana yankarsa sama zuwa ƙasa, ka rantse shawarma ce, kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba, tun da 'yan Labanan da suka yi hijira zuwa Meziko ne suka kai wannan salon gashi. Sai dai mutanen ƙasar sun karɓi ƙarfen sun sauya ragon da alade. Kama da wane ba ta wane. Akwai kuma waken da ake kira charros mai gutsattsarin alade, da borrachos, wanda sunansa ma bugagge yake nufi saboda giyar da ake dafa shi da ita, haka nan a mashaya da gidajen kallon ƙwallo sau da yawa ana dama ruwan cukun da giya.

Idan ka faɗa wa samarinmu haka, sai wani ya jawo maka ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ahlul Kitabi, yana mai mantawa da cewa ayoyi biyu kafin ita, a cikin surar nan dai, an ambaci naman alade a jerin haramtattu, kuma babu wani malami na kowace mazhaba da ya ce kitsen alade yana tsarkaka don Banasare ne ya soya. Wani kuma ya ce ai abin da ba ka sani ba ba ya cutar da kai. Haƙiƙa wanda ya ci bisa jahilci ko mantuwa Allah Mai gafara ne, amma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda bai sani ba da wanda ya ƙi sani don kada sanin ya raba shi da faranti. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutumin da zai tsaya a kasuwar Kurmi ya yi rabin sa'a yana ƙwanƙwasa ƙwarya kafin ya biya, shi ne zai zauna gaban yarinya mai kawo abinci da ba ta kai 'yarsa ba, kunya ta hana shi tambayar abin da zai shiga cikinsa, wai kada a ce baƙauye ne. Batun sinadarin da ake daskarar da cuku da shi malamai sun yi saɓani, kowa ya bi malaminsa. Batun gishiri da maiƙo kuma na likita ne.

To, ga abin da nake yi yanzu, wanda kuma na zaunar da ɗan ƙanena na karanta masa kafin ya koma. Kada ka ce ba ka cin nama ka tsaya nan, domin ka ga inda wannan ya kai ni. Ambaci kitsen da sunansa, manteca ga mai jin Sifaniyanci, lard ga mai jin Ingilishi, ka tambaya musamman a kan wake. Ka riƙe kalmomin cerdo da puerco, duka alade ne, da tocino da jamón, waɗanda sassansa ne. Idan mai kawo abinci ya yi jim, ko ya ce yana tsammani, roƙe shi cikin ladabi ya shiga ya tambayi kuku, ba kuwa za su ji haushi ba, domin sun saba da masu tambaya saboda cuta da masu tambaya saboda aƙida, kai ba na farko ba ne. Ka tambayi man da aka soya masarar, da ko a kasko ɗaya ake soya ta da fatar alade. Inda aka ce waken baƙi ne dafaffe ba soyayye ba, ya fi kusa da aminci, amma shi ma a tambaya. Naman sa da kaza kuwa, hukuncinsu hukuncin yanka ne a ko'ina. A biranen da Musulmi suke da yawa, irin su Houston da Dearborn da Landan, ana samun gidajen da ke da shaidar halal, ka neme su tun kafin yunwa ta kama ka, domin mai jin yunwa mufti ne mai sassauci. Ka kuma ce a kawo kirim da fiya da miyar tumatir a gefe cikin ƙananan kwanoni, wannan ba don shari'a ba, don kada masararka ta jiƙe tun ba ka kai rabi ba.

Idan kuwa gidan ya cika, hayaniya ta yi yawa, babu mai lokacin amsa maka, sai ka ce a kawo maka masara da cuku da barkono kaɗai, a shimfiɗe ba a tsibe ba. A tafiyata ta bara haka na yi a wani gida, yaron da ke kawo abinci ya dube ni da mamaki ya ce ba su da irin wannan a takarda, amma zai gaya wa kuku. Bayan minti goma sai ga kukun da kansa ya fito da farantin, dattijo mai furfura, ya ajiye a gabana ya ce haka ake yinsa a garinsu.