Tsohon moto a zaure: kilo ko gwanjo?

A watan Janairu na 2018, a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin gwanjo na Bonhams ya buga ƙararrawa a kan wani moto ƙirar Ingila mai suna Vincent Black Lightning, na 1951. An saye shi dalar Amurka 929.000, wato kusan miliyan 500 na sefa a canjin lokacin. Abin lura shi ne ba a taɓa yi masa kwaskwarima ba: da tsohon fentinsa da ƙujewarsa aka kawo shi. Irinsa wajen 30 kawai aka ƙera, kuma shi ne wanda Jack Ehret ya hau a 1953 ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a Ostareliya, sama da kilomita 225 a awa.

Labarin ya shafi mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji, don kuwa Katsina da Sakkwato maƙwabtansu ne, kuma har zuwa 1960 Ingila ke mulkin Nijeriya. A zamanin gyaɗa, fataken jihar Maraɗi da Kano suke hulɗa, abin da kantunan Kano suka baza kuwa ba ya rasa hanyar tsallako iyaka. A shekarun 1950 babu kamfanin moto a duniya da ya kai BSA na Birmingham girma, ga Triumph, ga Norton, ga Matchless. Daga baya Honda da Yamaha da Suzuki suka ƙwace kasuwa da araha da rashin ɗigar mai, BSA ya durƙushe a 1973, tsohuwar masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983. Kayan gyara suka yanke. Wanda ke da irin wannan moto sai ya jingine shi.

Yau mai sayen irin wannan gawa shi ne ɗan gwangwan, wanda ke auna ƙarfe da kilo. Shi ba ruwansa da suna. Nauyi yake biya. Magajin da ya miƙa masa moton kakansa ya yi gaggawa.

Sai dai kada ɗan kasuwa ya yi mafarkin miliyoyi. Motocin da aka fi samu, kamar ƙaramin BSA Bantam da aka ƙera daga 1948 zuwa 1971, ko M20 na sojan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi sama da 100.000, ba su da wuyar samu a Ingila, saboda haka kuɗinsu a gwanjon da Bonhams ke yi a Stafford bai ko kama ƙafar na Vincent ba. Idan aka cire kuɗin mota zuwa Kwatano, da jirgin ruwa, da duwan, da la'adar masu gwanjo, ribar na iya ƙarewa a hanya.

Abin da masu saye ke dubawa da farko lamba ce: wadda aka buga a jikin inji da wadda ke kan shasi, su dace da abin da ke cikin kundin masana'anta. Sannan takardun mallaka, da rasit, har da tsohon hoton mai shi a kansa. A nan ne gyaran da aka saba yi ke yin ɓarna. Makaniki mai kyakkyawar niyya zai cire mataccen inji ya ɗora na Sin, ya yi wa tanki walda, ya feshe shi da jan fenti. Moto ya tashi, ya kai buhun gero kasuwar Gazawa, amma a idon masu gwanjo ya tashi daga BSA. Su sun fi son a kawo musu shi da tsatsarsa, a ɗaure ɓallallun sassansa cikin buhu, kuma kada a goge lambar da takardar yashi.