Yadda Niyu Zilan ke raba kifin tekunta tsakanin 'yan kasuwa, masu nishaɗi da 'yan asalin ƙasa

Niyu Zilan ƙasa ce ta tsibirai a kudancin tekun Fasifik, wadda yankin ruwan da take iko da arzikinsa ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 4. Duk da wannan faɗi, a farkon shekarun 1980 kifin da ke kusa da gaɓa ya soma ƙaranci, domin jiragen su sun yi yawa. Tun daga lokacin ƙasar ke fama da tambaya guda: idan kifi bai isa kowa ba, wa zai fara ɗiba, wa kuma zai yi haƙuri?

Ɓangarori uku ne ke da hannu a ruwan. Akwai kamfanoni da masunta da ke kamawa don sayarwa. Akwai jama'ar gari da ke fita da fatsa a ƙarshen mako don nishaɗi da cefanen gida. Ba a neman lasisi a wurinsu a teku, amma doka ta hana su sayar da abin da suka kama. Sai kuma Maori, 'yan asalin ƙasar, waɗanda su ya kasance gadonsu tun kafin zuwan Turawa.

A shekarar 1986 gwamnati ta kawo tsarin kaso. Kafin a yi maganar rabo, Ministan da ke kula da harkar kifi kan duba rahoton masana ya yanke adadin tan ɗin da za a iya ɗiba daga kowane nau'in kifi a kowane yanki ba tare da an kashe iri ba. Dokar 1996 ta ce daga wannan jimla sai ya ware abin da Maori za su kama bisa al'ada, da na masu nishaɗi, da wanda ke salwanta ta hanyar sata ko mutuwa a raga, sannan ya tsayar da na kasuwanci. Kason kasuwanci dukiya ce kamar fili: ana sayar da shi, ana ba da hayarsa. Tun 1990 ana lissafa shi a matsayin wani yanki na jimla, saboda haka idan Minista ya rage jimlar, abin da kowane mai kaso zai kama ya ragu. Wanda ya zarce haƙƙinsa kuma sai ya biya kuɗi a kan kowane kilo na rarar.

Maori ba su yi shiru ba, ganin ana raba wa kamfanoni abin da Yarjejeniyar Waitangi ta 1840 ta tabbatar musu. Sun garzaya kotu, kuma a 1987 aka dakatar da shigar da ƙarin nau'o'in kifi cikin tsarin. Sulhun farko na 1989 ya ba su kashi 10 cikin 100 na kason da ake da shi. A 1992 aka kammala: gwamnati ta ba da dalar ƙasar miliyan 150 don su sayi rabin kamfanin Sealord, tare da alkawarin kashi 20 cikin 100 na duk wani nau'in da za a shigar nan gaba. Wannan ya sa yau ƙabilun Maori na cikin manyan masu kasuwancin kifi a ƙasar. Suna ta al'ada kuwa daban take. Masu kula da ruwa da al'umma ta zaɓa su ke ba da takardar izinin kama kifi don taro ko zaman makoki, ba don sayarwa ba. Haka nan al'umma na iya sanya haramcin wucin gadi da suke kira rahui a kan wani wuri har kifi ya farfaɗo. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada ta Argungu har zuwa ranar biki ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin kamfanoni da masu nishaɗi. Dokar ba ta fayyace kason kowa ba, ta bar wa Minista. Ƙungiyoyin masu nishaɗi sun kai ƙara kan kifin kahawai, suna neman a fifita jama'a a kan kasuwanci, amma a 2009 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ba ta ba su fifiko ba, Minista ne zai auna buƙatun kowa. A 2013 rigima ta sake tashi kan sinafa, wani jan kifi da ake ji da shi a arewa maso gabashin ƙasar. Bayan ƙorafi mai yawa, an rage abin da mutum zai kama a rana daga 9 zuwa 7, an ɗaga mafi ƙarancin tsawon da aka yarda a ɗauka daga santimita 27 zuwa 30, aka bar kason kamfanoni a tan 4,500. Masu fatsa suka ce su kaɗai aka matsa wa.

Su ma kamfanoni suna da nasu kukan. Duk abin da suka sauke a tasha ana auna shi a rubuta, kuma tun 2023 aka soma sanya kyamarori a jiragen da ke su kusa da gaɓa. Kamun masu nishaɗi kuwa ƙiyasi ne kawai, ta hanyar tambayar mutane a bakin ruwa da ƙirga kwale-kwale daga jirgin sama. Iyakar da aka sa musu ta mutum ɗaya ce a rana, don haka idan masu fita suka ƙaru, jimlar kamunsu na iya zarce abin da aka ware. Masu nishaɗi kuma na mayar da martani da zargin cewa jiragen kasuwa na zubar da kifin da ba su so a teku, kuma ragar da ake ja a ƙasan ruwa na lalata wuraren hayayyafa.

Nijeriya ma ta san irin wannan takaddama. Doka ta hana manyan jiragen jan raga shiga cikin mil 5 na teku daga gaɓa domin kare masu kwale-kwale, amma ƙananan masunta sun daɗe suna kukan ana keta iyakar. Abin da Niyu Zilan ta nuna shi ne, tsayar da jimla kafin rabo na kare kifi daga ƙarewa, amma ba ya kashe gardama. A duk shekarar da masana suka ce a rage kamu, ɓangarorin uku kan koma gaban Minista, kowa na nuna ɗan'uwansa a matsayin wanda ya kamata ya ɗauki asarar.