Mawaƙi da Muryarsa da Aka Naɗa: Bayanin Dalilan Ƙyama

1.0 Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa mawaƙin da ya naɗi waƙarsa a ɗakinsa, da zarar ya kunna ya saurara sai ya ɓata rai. Yakan ce muryar ta yi siriri, ko ta fito ta hanci, ko kuma sam ba tasa ba ce. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana inda wannan ƙyama ta samo asali, domin al'amarin ya shafi masana ilimin furuci kamar yadda ya shafi mawaƙa.

2.0 Hanyoyi Biyu na Jin Murya

Idan tantanin maƙwallato ya kaɗa, sautin yakan isa kunnen mai maganar ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce iska: sauti ya fita ta baki da hanci, ya kewayo ya shiga kunne. Ta biyu ita ce ƙashi, wato girgizar da ke bin muƙamuƙi da ƙoƙon kai har ta isa can cikin kunne. Georg von Békésy, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1961 saboda bincikensa a kan ji, yana cikin waɗanda suka nazarci wannan hanya ta biyu. Ƙashi ya fi isar da amo mai kauri, saboda haka kowane mutum yana jin muryarsa da kaurin da sauran jama'a ba su taɓa ji ba. Makirufo kuwa abin da ya biyo iska kaɗai yake ɗauka. Ke nan muryar da mawaƙi ke ƙyama ta fi kusa da wadda masu sauraronsa suka sani tun fil azal, shi ne dai baƙo a gare ta.

A nan ya kamata a lura da wani abu. Naɗin bai canza yawan kaɗawar tantanin maƙwallato ba, don haka karin sama da karin ƙasa da faɗau suna nan yadda aka furta su. Abin da ya sauya shi ne launin muryar.

3.0 Ɗaki da Na'ura

Naɗi a gida yana ƙara tasa matsalar. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Idan bango yana da nisan mita 1 a bayan makirufo, sautin da ya bugi bangon ya dawo zai makara da kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. Wannan tazara ta yi kaɗan a ji ta a matsayin amsa-kuwwa. Sai dai sautin ya gauraya da na asali, ya ƙarfafa wani sashe na muryar ya danne wani. Shi ya sa waƙar da aka naɗa a ɗakin siminti marar labule take fitowa kamar daga cikin randa. Idan kuma mawaƙi ya manna baki da makirufo, iskar tsayau irin /t/ da /k/ da tunkuɗau irin /ƙ/ takan bugi na'urar, sannan ƙaramar lasifikar waya ta zubar da ɗan kaurin da ya rage.

4.0 Abin da Ya Shafi Zuciya

Duk da haka, ƙashi da bango ba su isa su bayyana zafin ƙyamar ba. A 1966 Philip Holzman da Clyde Rousey suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Amurka, inda suka kunna wa mutane muryoyinsu. Ra'ayinsu shi ne, abin da ke tayar da hankalin mai sauraron kansa ya haɗa da jin alamun fargaba ko shakka ko ɓacin rai da bai yi niyyar bayyanawa ba. Wani gwajin da suka yi tare da Andrew Berger a 1967 a kan masu harshe biyu ya nuna damuwar ta fi tsanani idan mutum ya ji kansa a harshensa na farko, kuma wannan batu ne da ya cancanci a jarraba shi a Nijeriya, inda mai harshe biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Ga mawaƙi kuwa abin ya ninku. Lokacin rerawa hankalinsa yana kan abin da ya yi nufi, lokacin sauraro kuma babu 'yan amshi, babu jama'a, sai shi da kowane numfashi da ya katse.

Illar rashin fahimtar wannan ita ce mawaƙi ya nemi magani inda babu ciwo. Tun fitowar manhajar Auto-Tune a 1997, matasa da yawa sukan ruga gare ta da zarar sun ƙi muryarsu, alhali ita hawa da saukar murya take gyarawa, ba launinta ba. A harshe mai karin sauti kamar Hausa ko Yarabanci ko Ibo, tsananta amfani da ita yana iya taɓa abin da ke bambance ma'anar kalma, a bar ainihin matsalar ɗaki da tazarar makirufo yadda take.