Idan Mai Saye Ne Ɓarawon: Cutar Mayar da Kaya a Cinikin Waya

A Dudunni ta ƙaramar hukumar Kusada, kamar sauran garuruwan da ke kewaye da Kankiya, mace na iya zama a ɗakinta ta sayar wa wata a Abuja turmin atamfa, ba su taɓa haɗuwa ba. Ta saro kaya a Kantin Kwari, ta ɗora hoto a WhatsApp, kuɗi su shigo ta Opay ko Moniepoint, sannan a ba direba saƙo a tashar Kankiya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara tura mutane wannan hanya.

An saba jin kukan mai saye da aka damfara. Kukan mai sayarwa kuwa ba a cika jin sa ba, alhali shi ma ana cutarsa, ta ƙofar mayar da kaya.

Wata za ta karɓi abaya ko mayafi ranar Alhamis, ta sha biki da shi, ranar Litinin ta ce launin bai yi mata ba. Kaya ya dawo da ƙamshin humra da shatin hoda a wuya. Wannan mai sauƙi ce. Mai tsanani ita ce musanya: a aika atamfa mai tsada, a dawo da kwaikwayonta ɗan China mai zane iri ɗaya, a aika waya lafiyayya daga kasuwar waya ta Farm Centre, a dawo da matacciya cikin kwalin sabuwar. Akwai kuma mai cewa ya riga ya ba direba kayan, a turo masa kuɗinsa yanzu, har da hoton ƙullin saƙo. Idan ƙullin ya iso, tsumma ne a ciki, lambar wayarsa kuma a kashe.

Mayar da kaya dai haƙƙi ne. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta yarda a mayar da kaya mai lahani, fiƙihun Malikiyya ma ya ba mai saye zaɓi idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Amma babu inda aka halatta a yi amfani da kaya marar lahani a mayar, balle a musanya shi. Manyan kamfanoni irin Jumia suna da wa'adin kwanaki da ma'aikatan da ke duba kaya kafin a biya. Mai sana'a a Dudunni ba ta da kowa sai wayarta, ga kunya tana hana ta ƙin karɓa, musamman idan 'yar uwa ce ta haɗa cinikin.

Wayar nan kuwa ta isa shaida. A ɗauki bidiyon kaya yayin ƙulle shi, a nuna tambarin gefen atamfa. In waya ce, a danna *#06# a ajiye lambar IMEI. A rubuta sharaɗin mayarwa a saƙo tun kafin a karɓi kuɗi, a riƙe sunan direba da lambar motarsa.

Kada a mayar wa kowa ko naira ɗaya sai kayan sun iso hannu, an kwance su a gaban shaida.